Kunne a Ƙasan Teku: Yadda Aka Koyi Neman Abin da Ruwa Ya Haɗiye

Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, azumi na kwana huɗu, intanet ta yi tsaye cik a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma. Bankunan Najeriya suka kasa tura kuɗi, masu POS suka zauna suna kallon na'ura tana juyi. Musabbabin abin yana can nesa, a ƙasan tekun da ke gaban Kwaddibuwa, inda manyan wayoyi huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a rana guda. Daura ta fi kilomita 800 daga bakin teku, amma cinikin mai shago a kasuwarta yana rataye da waɗannan wayoyi.

Gyara sai da aka yi makonni ana yi. Mutumin Daura, wanda tarihin garinsa ya faro daga bakin rijiya, ba sai an yi masa dogon bayanin aikin ba: guga ne ya faɗa, aka zura ƙugiya ana lalube. Jirgin gyara ma ƙugiyar yake zurawa, ya ja ta a kan laka har ta kamo waya. Sai dai wannan rijiya zurfinta kan kai kilomita uku, wayar kuwa kaurinta bai wuce santimita biyu ba. Dole mai ƙugiya ya san inda waya take kwance, ya san inda ƙugiyarsa ta sauka, ya kuma san inda shi kansa yake tsaye a kan ruwan da ba shi da bishiya ko tudu. Kusan shekara ɗari biyu aka yi ana koyon amsa waɗannan tambayoyi uku.

A doron ƙasa tauraron ɗan'adam ya raba gardama, kowace wayar hannu tana iya faɗa maka inda kake. A cikin ruwan gishiri saƙon tauraro ba ya ko shiga. Hasken rana yakan dushe kafin mita 200, fitila mai ƙarfi kuwa 'yan gomman mita take haskawa. Sauti kaɗai ruwa ke ɗauka ya kai shi nesa, kuma da gudun da ya ninka na iska fiye da sau huɗu.

An auna wannan gudu a 1826, shekarar da Bature Clapperton ya sake zuwa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Wani matashi ɗan Siwizalan, Daniel Colladon, da abokinsa masanin lissafi Charles Sturm suka shirya gwaji a Tafkin Janiba. Aka sa jiragen ruwa biyu, tsakaninsu fiye da kilomita 13. Ɗaya yana rataye da ƙararrawa a cikin ruwa, an haɗa gudumar da ke bugunta da albarushi, yadda bugu da walƙiya za su zo tare. A ɗaya jirgin Colladon ya tsoma wani dogon ƙaho a ruwa ya kara kunne, agogo a hannu. Da ya ga walƙiya ya fara ƙirga, da ya ji ƙara ya tsaya. Lissafi ya ba su mita 1,435 a daƙiƙa, a ruwa mai sanyin digiri takwas. Na'urorin yau sun gyara musu da abin da bai kai mita biyar ba. Duk aikin da ya biyo baya a kan wannan yake tsaye: in ka san gudun sauti, ka san daƙiƙoƙin da ya yi a hanya, to ka san nisa.

Shekaru tamanin da 'yan kai abin yana kwance a littafi. Sai a Afrilun 1912, Sarkin Daura Abdurrahman bai daɗe da hawa gado ba, jirgin Titanic ya yi karo da tsaunin ƙanƙara ya nutse da mutum kusan 1,500. Masana suka tashi haiƙan. A 1914 Reginald Fessenden, ɗan Kanada, ya gwada na'urar da ke aika sauti ta saurari amsa-kuwwa, ta gano ƙanƙara daga nisan kusan kilomita uku. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kawo wata buƙata, wato farautar jiragen yaƙin Jamus masu nutso, inda Bafaranshe Paul Langevin ya yi amfani da dutsen ƙarau mai kaɗawa in an sa masa lantarki, ya samar da sauti siriri mai tafiya a miƙe. Daga 1925 zuwa 1927 jirgin bincike na Jamus, Meteor, ya auna zurfin kudancin Atlantika sau kusan 67,000 da amsa-kuwwa. A da, awo guda da igiya da dalma kan cinye sa'o'i.

An ɗauka an gama. Ashe ruwa bai gama magana ba. A shekarun 1930 sojojin ruwan Amurka da ke atisaye kusa da Kyuba suka lura da abin mamaki: na'urarsu tana aiki lafiya lau da safe, da rana ta yi sai ta kurumce, jirgin nutso na kusa amma ba a jin sa. An ce har ma'aikata aka fara zargi da gyangyaɗi bayan cin abinci. Columbus Iselin na cibiyar binciken teku ta Woods Hole ya shiga da ma'aunin zafi, ya gano cewa rana ce ke ɗumama saman ruwa. Sauti ya fi gudu a ruwan ɗumi, kuma duk inda gudunsa ya bambanta tsakanin sama da ƙasa, sai ya lanƙwasa ya nufi ɓangaren da ya fi sanyi. Kiran da aka aika a miƙe sai ya sunkuya ƙasa, ya bar wani yanki inda jirgi zai laɓe ba a sani ba.

A ganina nan ne tarihin ya juya. Kafin wannan lokaci ƙoƙarin duka na ƙara ƙarfin sauti ne da kaifin kunne. Daga nan aka gane cewa wanda bai san ruwan da yake aiki a ciki ba, kome kyan na'urarsa ƙarya za ta faɗa masa. Abubuwa uku ke juya gudun sauti. Ƙarin digiri ɗaya na zafi yana ƙara masa mita uku zuwa huɗu da rabi a daƙiƙa. Gishiri yana ƙara masa kaɗan. Nauyin ruwan da ke bisa yana ƙara kusan mita 16 a kowane kilomita na zurfi. Kafin ƙarshen shekarun 1930 Athelstan Spilhaus ya ƙera na'urar da ake jefawa daga jirgi ta zana zafin ruwa hawa-hawa, a 1944 kuma Maurice Ewing da Lamar Worzel suka tabbatar da cewa akwai wani hawa can ciki, wajen kilomita ɗaya a yawancin wurare, inda sauti ke maƙalewa ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita bai mutu ba.

Masifu uku na shekarun 1960 su suka haifar da sana'ar kamar yadda take a yau. Ranar 10 ga Afrilu, 1963, jirgin nutso na Amurka mai aiki da nukiliya, Thresher, ya tarwatse da mutum 129, tarkacensa ya kwanta a zurfin kusan mita 2,560. An san yankin, don akwai jirgin rakiya a bisansa. Duk da haka aka sha wuya. Ana jan kyamara a ƙarshen igiya mai tsawon kilomita biyu da rabi, igiyar ruwa tana kaɗa ta, ba wanda ya san takamaiman inda take. Ko an yi sa'a hoto ya nuna tarkace, komawa wurin sai a sake lalube. Saboda haka aka dasa kunnuwan lantarki a gindin wani jirgi mai suna Mizar, aka ɗaura wa kyamara na'ura mai amsa kira. Ta hanyar kwatanta lokacin da amsar ta isa kowane kunne, ana iya cewa ga inda take.

Ta biyu ta auku ranar 17 ga Janairu, 1966, kwana biyu bayan kashe Sardauna a Kaduna, lokacin da hankalin Arewa ke wani wuri dabam. Jirgin saman yaƙin Amurka samfurin B-52 ya yi karo da mai ba shi mai a sararin ƙauyen Palomares na Sifen. Bama-baman nukiliya huɗu suka faɗo, uku a tudu, ɗaya a Bahar Rum. Wani masunci, Francisco Simó Orts, yana cikin jirginsa ya ga abu ya sauko da laima ya shige ruwa. Ya riƙe wurin yadda masunta ke riƙe matattarar kifi, ta daidaita alamomin gaɓa da ido. Manyan soja da kwamfutocinsu ba su ɗauki maganarsa da nauyi ba da farko. Masanin rundunar sojan ruwan Amurka, John Craven, ya zo da wata dabara: a yanka taswirar teku gida-gida, kowane gida a ba shi kason yiwuwar cewa bam ɗin na ciki, duk gidan da aka duba ba a gani ba a rage masa kaso a ƙara wa saura. A tsakiyar Maris ƙaramin jirgin nutso Alvin ya iske bam ɗin a kan gangare, a yankin da masuncin ya nuna. Aka ɗaura igiya, ta tsinke, bam ya gangara ya sake ɓacewa kwana da kwanaki. Sai 7 ga Afrilu aka fito da shi daga zurfin kusan mita 870, bayan kwana 80. Ba kasafai littattafan fasaha ke ba masuncin nan haƙƙinsa ba, alhali shi ne ya fi kowa sanin inda yake tsaye a ranar.

Ta uku ita ce Scorpion, wani jirgin nutson, da ya ɓace da mutum 99 a Mayun 1968, ba kuma wanda ya gani. Kunnuwan da ke dashe a Tsibiran Kanari da gabashin Kanada sun naɗi ƙarar fashewarsa. Daga bambancin lokacin isar ƙarar aka zana yanki, Mizar ya gano tarkacen a ƙarshen Oktoba, a zurfin kusan mita 3,000 kudu maso yammacin tsibiran Azores.

Hanyoyin da suka fito daga waɗannan wahalhalu uku ne, bambancinsu tazarar da ke tsakanin kunnuwa. Akwai mai doguwar tazara: a shuka na'urori masu amsa kira a ƙasan teku, huɗu ko fiye, ɗaruruwan mita ko 'yan kilomita tsakani, a auna mazaunin kowace. Abin da ake bi ya yi kira, su amsa, nisansa daga kowace ya fito, inda awon ya haɗu nan yake. Ita ta fi daidai, kuskurenta kan gaza mita ɗaya, wani lokaci 'yan santimita, kuma zurfi bai cika damunta ba. Tsadarta lokaci ne, don shukawa da aunawa da kwashewa kan ci kwanaki, jirgi kuwa kuɗin hayarsa a kowace rana yake. Akwai mai gajeriyar tazara irin ta Mizar, wadda tsawon jirgi ne iyakarta. Sai wadda ta fi yaɗuwa yanzu, inda aka tattara kunnuwan duka a kai guda da mutum zai iya runguma, aka zura shi ta gindin jirgi. Wannan tana auna nisa da kusurwa a lokaci ɗaya.

Sauƙinta shi ne rauninta. A ce abin da ake bi yana zurfin mita 1,500. Kuskuren digiri ɗaya a kusurwa yana kai mutum mita 26 daga gaskiya. Jirgi kuwa ba ya tsayawa cik, yana tangaɗi gaba da baya, hagu da dama, fiye da digiri ɗaya nesa ba kusa ba. Don haka sai an haɗa kan da ma'aunin tangaɗi mai kaifi, sai kuma an tabbatar ba a ɗaura shi a karkace ba. Ma'aikata kan ajiye mai amsa kira guda a ƙasa, su kewaye shi da jirgi ta gabas da yamma da kudu da arewa. In na'ura ta nuna yana motsi alhali yana zaune, sun san karkatar tasu ce, su cire ta a lissafi. Ga kuma ƙarar farfela da kumfar da take tayarwa, ga amsa-kuwwa daga saman ruwa da ƙasansa da ke isowa a bayan saƙo na gaskiya ta rikita shi. Kuskuren kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa a ƙidayar tafiya da dawowa santimita 75 ne.

Gyaran bai zo dare ɗaya ba. Masana irin su Del Grosso a 1974, da Chen da Millero a 1977, suka tace lissafin gudun sauti. Aka koya wa kwamfuta bin sawun sauti hawa-hawa tana lanƙwasa shi yadda ruwa ke yi. Aka ɗauko tacen da Rudolf Kalman ya wallafa a 1960, wanda ke haɗa awo iri-iri ya ba kowanne nauyi gwargwadon amincinsa, aka gama sauti da na'urar da ke jin motsi da juyi, da wadda ke auna gudu bisa ƙasan teku. GPS ya kawar da tsohuwar matsalar sanin mazaunin jirgi. Girman wannan matsala ya bayyana ranar 1 ga Satumba, 1985, sa'ad da Robert Ballard da Jean-Louis Michel suka gano Titanic a zurfin kusan mita 3,800, fiye da kilomita 20 daga inda jami'ansa suka ce suke a kiran neman agaji. Daga shekarun 2000 kuma aka bar aika fito guda, aka koma saƙo mai faɗi mai tambari, wanda ake iya tsamowa daga hayaniya a san lokacin isowarsa daidai.

Soja ne suka fara, amma 'yan man fetur suka zuba kuɗin. Tun 1961 jirgin haƙa CUSS I ya tsaya wuri guda ba anga a kan ruwa mai zurfin kusan mita 3,500 kusa da Meziko, yana gyara tsayuwarsa da farfeloli. A nan maganar ta iso gida. Rijiyoyin Bonga, masu nisan kilomita 120 daga gaɓa a ruwan da ya zarce mita 1,000, sun fara ba da mai a Nuwamban 2005. Agbami ta biyo a 2008, Egina a ƙarshen 2018, su biyun a zurfin mita 1,500 ko kusa da haka. Ba ɗan'adam da ke nutso can. Butum-butumi ne ke sauka da igiya, kuma bututun da zai haɗa bakin rijiya da matattara a tudu ake yanka shi, bisa awon da sauti ya bayar. In awon ya kauce da 'yan santimita, ƙarfe ba zai shiga ba. Tekun Gini kuma ba mai sauƙi ba ne: samansa na da ɗumin digiri 28 ko kusa, inda sauti ke gudun wajen mita 1,540, a zurfin kilomita ɗaya kuwa sanyi ya kai digiri huɗu zuwa biyar, gudun ya faɗo ƙasa da 1,490. Ga ruwan Kogin Kwara da ke kwararowa yana tsinka gishirin saman. Kason wata-wata da ke zuwa daga Abuja ya biya albashin malamin firamare a Zango ko Sandamu, wani sashensa ta waɗannan bututu ya bi.

Jama'a sun fi sanin wannan fasaha ta baƙin akwatin jirgin sama. Kowane akwati na ɗauke da 'yar na'urar da ke fara ƙyasti da ta taɓa ruwa, sau ɗaya a daƙiƙa. Ranar 30 ga Janairu, 2000, jirgin Kenya Airways da hazon hunturu ya hana shi sauka a Legas ya wuce Abijan. Da ya taso da dare zai dawo Legas, ya faɗa teku jim kaɗan da tashi. Mutum 169 cikin 179 suka rasu, 'yan Najeriya suka fi yawa. Ruwan ba shi da zurfi sosai, aka tsamo akwatunan. Na Air France da ya taso daga Barazil ya faɗa Atlantika da mutum 228 ranar 1 ga Yuni, 2009, shi ne ya ba da darasi mai ɗaci. Batirin na'urar kwana 30 aka yi shi ya yi, ƙyastin kuma ba ya wuce kilomita biyu ko uku. Aka ja kunnuwa a yankin da jirgin ya yi magana ta ƙarshe, ba a ji kome ba, aka soke yankin aka tafi nesa. A 2010 har aka sanar cewa an tsinci ƙyastin a faifan da wani jirgin nutson Faransa ya naɗa, aka je ba a ga kome ba. Sai da masana lissafin kamfanin Metron, masu bin tafarkin Craven, suka sa yiwuwar cewa na'urorin ba su yi ƙara ba tun farko. Taswira ta koma inda aka soke. Cikin kwanaki, a farkon Afrilun 2011, jiragen nutso marasa matuƙi na Woods Hole suka gano tarkacen a zurfin kusan mita 3,900, kamar kilomita 12 daga inda jirgin ya yi magana ta ƙarshe. Shirun da aka ɗauka shaida ne ya ci kusan shekara biyu. Bayan haka aka mayar da ƙa'idar batiri kwana 90.

Ƙurewar daidaito a yau tana wurin masu auna motsin ƙasa. Fred Spiess na cibiyar Scripps ya kawo shawara a tsakiyar shekarun 1980: a dasa masu amsa kira a ƙasa, jirgi ya tsaya a tsakiyarsu da GPS yana kira sa'o'i masu yawa, yadda kuskuren gudun sauti ta wannan gefe zai kashe na wancan. Japan ta rungumi dabarar. Da girgizar ƙasa ta 11 ga Maris, 2011 ta auku, aka koma aka auna. Tashar da ke bisa cibiyar girgizar ta gusa mita 24 wajen gabas, ta ɗaga mita uku, alhali a tudu gusawa mafi girma ba ta kai mita shida ba.

Najeriya ta daɗe tana dogara da taswirar teku da Ingila ta zana. A Disamban 2021 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya ƙaddamar da NNS Lana a Legas, jirgin awon teku mai tsawon mita 60 da kamfanin OCEA na Faransa ya ƙera wa rundunar sojan ruwa, ɗauke da na'urorin da ke share ƙasan teku da sauti su zana shi. Abin a yaba ne. Amma ruwan da ke cin mutanen Arewa ba teku ba ne. A Mayun 2021 jirgi ya kife a Kogin Kwara kusa da Wara ta Jihar Kabi, aka yi fargabar mutuwar fiye da mutum ɗari. A Mayun 2022, cikin hidimar ƙaramar salla, kwalekwale ya kife a ƙauyen Tsabu na Mai'aduwa, cikin masarautar Daura, mutum fiye da goma suka rasu, akasarinsu yara. A irin waɗannan wurare masunta da gwanayen ninƙaya ne ke shiga, su laluba da hannu da gora cikin ruwa mai laka.

Kada a ɗauka kayan teku za su yi aiki a nan kai tsaye. Ruwa marar zurfi yana da tasa wahalar, sauti na karo da sama da ƙasa yana dawowa ta hanyoyi barkatai, ga ciyawa, ga kututturan itatuwan da madatsar Kainji ta nutsar tun 1968, waɗanda har yau ke fasa jirage. Amma akwai ƙananan na'urori masu duba gefe da gefe, waɗanda ake ratayawa a jikin kwalekwale a haɗa da GPS, su nuna siffar abin da ke kwance a ƙasa ko ruwan ya kai kunu kauri. Irinsu masu ceto a ƙasashe da yawa ke amfani da su a tafkuna da koguna, kuma horar da mutum a kansu ba ya ɗaukar shekaru. Da su za a iya zana mashigin da ba kututture tun kafin damina, a kafa alama, a bar wa Sarkin Ruwa da matuƙansa taswirar a hannu.